Lambar da Baba Ya Ƙi Daina Rubutawa

2 ga Maris

Dogo,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ɗalibanka. In ka kasa gane rubutun, ni ce Aku, 'yar Baffanka, wadda ka zauna gidansu shekara huɗu kana cewa bakinta ba ya hutawa. Adireshinka a bayan wata tsohuwar ambulan na same shi, cikin littattafan Baba. Wayar ofishinku an kira mini sau uku, ba mai ɗauka. Mu muna nan da rai, amma ba zan ce maka lafiya ba.

Wata huɗu ke nan da Baba ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi ana jin muryarsa tun daga bakin titi, yau ko "ruwa" ba ya iya cewa. Safiya kawai nake buɗe shagon ɗinki, sauran yinin ina kansa. Mama ka san ta riga mu, shekara uku yanzu.

Ga abin da ya sa na neme ka. Tun da hannunsa na hagu ya fara riƙe fensir, abu ɗaya yake rubutawa:

1741209542339

Ya rubuta a takarda, ya rubuta a zanin gado, a bango, har a tafin hannuna. In ya gama sai ya zuba mini ido yana jira. Na kira ta a waya, babu irinta. Ba ta banki ba ce, ba ta fansho ba ce. In na ce ban gane ba sai ya juya fuska bango, ranar ko cokali uku ba zai ci ba. Ruwa ma sai da faɗa, kofin asibiti mai baki da aka ba mu ya ture shi ya fi a ƙirga.

Yaya ya ce ƙwaƙwalwar ce ta tafi. Ya samo wani gida da ake ajiye tsofaffin da hankalinsu ya gushe, tafiyar yini guda daga nan, yana so a kai shi ƙarshen watan gobe. Likita ya ce shi ba zai hana ba, sai in ya ga alamar Baba yana fahimtar abin da ake yi. Ya tambaye shi ranar mene ce yau, ya nuna masa agogo ya ce mene ne wannan. Baba ya rubuta masa lambar.

Ni na san yana ciki, Dogo. Idon da yake kallona da shi, shi ne idon da yake kallon ɗalibi in ya tsaya gaban allo yana sosa ƙeya. Amma ni a lissafi awon riga ne iyakata. Kai ne ɗalibinsa da ya yi nisa har kake koyarwa a jami'a. Don Allah ka duba mini wannan lamba ka gaya mini ko mece ce.

Taka,
Aku

23 ga Maris

Dogo,

Da fatan lafiya ce ta sa ka shiru, ba akasinta ba. Baba na nan yadda yake, sai dai ya ƙara ramewa, wandon da na ɗinka masa bara yanzu sai na ninke ƙugun sau biyu.

Sati uku ina zuwa gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na san mun yi shekara goma sha shida ba mu ga juna ba. Na san auren Yaya ba ka zo ba, rasuwar Mama takarda ka aiko mai layi huɗu. Ban tambaye ka dalili ba, yanzu ma ba shi nake tambaya ba. Alƙaluma goma sha uku kawai na ce ka duba. In ba za ka iya ba ka faɗa, in daina sa rai.

Aku

26 ga Maris

Aku,

Na samu wasiƙarki, na kuma yi baƙin cikin jin halin da Baffa yake ciki. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya ba ki ladan jinya. Ni lafiya lau, sai dai jarrabawa ta taso mu gaba, takardun ɗalibai ɗari uku ne a kan teburina, shi ya sa na jinkirta.

Na sa wani abokin aikina ya shigar da lambar a kwamfutar sashenmu, ga takardar da ta fito na haɗo miki. A taƙaice abin da ke samanta shi ne: ba ta rabuwa biyu daidai. Uku ba ya raba ta, biyar ma haka. Babu lambar da za a ninka da kanta ta ba da ita. Ba kuma irin waɗanda Baffa yake kira masu taurin kai ba ce, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Wannan tana rabuwa, lambobi sittin da huɗu ne ke raba ta ba saura, in an haɗa da ɗaya da ita kanta. Ba ta cikin jerin shahararrun lambobin da muke koyarwa. Gaskiya ban ga wani abu na musamman a cikinta ba.

Irin wannan ciwo yakan sa mutum ya maƙale wa abu guda. Ki bi shawarar likita, kuma ki kula da kanki, kada ke ma ki kwanta. Ki gaishe mini da Yaya da iyalinsa.

Ɗan'uwanki,
Dogo

6 ga Afrilu

Dogo,

Ina fatan ka gama da takardunka ɗari uku lafiya. Mu Baba kwana biyu ke nan shayi kaɗai ke shiga cikinsa.

Ka kashe ni. Wasiƙarka a hannun Yaya ta faɗa, domin shi ya biya gidan waya ranar. Ya karanta ta a tsaye a tsakar gida, ya kai layin nan naka ya maimaita shi sau biyu: "Ban ga wani abu na musamman a cikinta ba." Ya ce, "To, Aku, kin ji. Ba ni na faɗa ba, masanin da kika nemo ne." Washegari ya kai wa likita ita. An sa hannu. Ranar talatin ga wata mota za ta zo.

Kada ka ɗauka Yaya mugu ne. Shi ke ɗaga Baba ya kai shi banɗaki, bayansa har ya fara ciwo. Ya gaji ne, kuma yana tsoron ranar da zai shigo ya tarar Baba ya mutu da yunwa a hannunmu. Ya je ya ga gidan, ya ce da tsabta. Na ce akwai fensir? Ya ce ba a barin abu mai tsini a hannunsu. Ka ji fa. Abu ɗaya da ya rage masa a duniya za a karɓe a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne "na sa wani abokin aikina". Mutumin nan ya zaunar da kai a tabarma shekara huɗu yana koya maka raba lamba da hannu. Na tuna yadda yake ƙwace na'urar lissafi yana cewa wanda bai sha wuyar lamba ba bai san ta ba. Sau ɗaya a rayuwarsa ya aiko maka da tambaya, ka ba inji.

Jiya ya kama hannuna ya rubuta ta, ya kai alƙalami na tara fensirin ya suɓuce. Na ɗauko masa, ya faro daga farko. Na fita bayan ɗaki na yi kuka na dawo.

Aku

13 ga Afrilu

Aku,

Wasiƙunki biyu, ta 23 ga Maris da ta 6 ga Afrilu, sun iso tare. Ina gaishe ki, ina gaida Baffa. Lafiyata ƙalau, amma tun da na karanta su ban ji daɗin komai ba.

Ba haka nake nufi ba. Cewa na yi lambar ba ta yi fice a cikin lambobi ba, ban ce Baffa ba shi da hankali ba. Ki nuna wa Yaya wannan, in zai yi amfani.

Tunda kin taɓo maganar shekara goma sha shida, bari in faɗa sau ɗaya. Baffa ya yi mini komai, ban musa ba. Amma a gidan nan kowa yana da kofinsa na ƙarfe, da lambarsa da Baffa ya zana da ƙusa a gindi. Ni shekara huɗu da kofin baƙi nake shan ruwa, mai hoton fure. Kullum in an wanke an kife su a jere, nawa a gefe yake. Za ki ce ƙaramin abu ne, babba da ni ina maganar kofi. Ina da shekara goma sha uku lokacin, uwata ta rasu, ubana ya kawo ni ya tafi. Na jira a ce mini ga taka lambar har ranar da na ɗauki jakata. Ɗalibinsa ne ni, na yarda. Ɗan gida kuwa ban taɓa zama ba, shi ya sa zuwa yake yi mini nauyi.

Dogo

14 ga Afrilu

Dogo,

Gaisuwa a gurguje. Baba na nan, jiya ya ɗan ci. Ban ga amsarka ba tukuna, ban kuma iya jira ba.

Yau da safe wata mata ta kawo ɗinki, na rasa inda zan rubuta awonta, sai na jawo takardar kwamfutar nan taka daga jaka na rubuta a bayanta. Da ta tafi na juya takardar. Ban taɓa karanta ta ba, Yaya ma bai karanta ba, wasiƙar kawai muka bi. Can ƙasa, layi na ƙarshe, ga abin da ke rubuce:

101 × 103 × 107 × 109 × 113 × 127

Dogo, 109 ni ce. Lambar gindin kofina ce. 101 Baba, 103 Mama, 107 Yaya. Ka tuna yadda yake cewa kowa a gidan nan mai taurin kai ne, don haka kowa zai samu lamba mai taurin kai, kuma daga sama da ɗari zai fara domin mutum ba ƙaramin abu ba ne? 127 ta matar Yaya ce, ranar da ta tare ya zana mata, kai ba ka nan. Mu ne. Mu ya ninka wuri ɗaya yake ta rubutawa wata biyar, mu kuma muna cewa ya haukace.

Na bar shago a buɗe na ruga gida. Kofunan suna cikin kwali a ɗakin ajiya tun rasuwar Mama. Na wanke nasa na zuba ruwa na kai masa. Ya juya gindin da hannun hagu, ruwan ya zube masa a cinya, ya ga lambar. Na sake cikawa, ya shanye tas.

Amma Yaya ya ce wannan ba hujja ba ce. Ya ce tsoho yakan riƙe abin da ya haddace tun da daɗewa ko da komai ya tafi, kamar mai waƙa a cikin barci. Likita ma haka ya ce, haddacewa daban, fahimta daban. Ranar talatin tana nan.

Kuma akwai 113. Kofi biyar na samu a kwalin, babu mai wannan lamba, ban san ko ta wane ne ba. Saura kwana goma sha shida. Ka gaya mini yadda zan nuna musu cewa yana gane abin da yake rubutawa. Ka ajiye fushin da kake yi da ni, in ma kana yi, ka yi bayan talatin ga wata.

Aku

21 ga Afrilu

Aku,

Ina gaishe ki. Wannan ta hannun direban motar safe na ba da ita don ta riga gidan waya. Ki ce wa Baffa ina duba shi.

Kunya ta ishe ni. Layin nan yana cikin takardar da na ninke da hannuna na sa a ambulan, saman kawai na karanta. Da na kai idona ƙasa da na gane 101 da 103 ko a mafarki, na sha wanke kofunan nan. Yau na rufe ofis na zauna na raba ta da fensir kamar yadda ya koya mini. Daidai take, ba kuskure ko ɗaya. Lambobi shida ne masu taurin kai a jere, ba a tsallake ko ɗaya ba, ba a maimaita ko ɗaya ba.

Ga abin da za ki yi. Wanda ya haddace kawai, in aka ba shi abin da bai haddace ba, ba abin da zai iya yi da shi. Don haka ki ba shi wata lamba dabam. Na cire 113 na ninka sauran biyar, ga abin da ya fito:

15408934003

Ki kira likita da Yaya su zauna. Ki rubuta ta da manyan alƙaluma a farar takarda, ki ba shi fensir biyu masu kyau da katako da zai dogara a kai. Kada ki ce masa komai, kada ki nuna kofi, kada kowa ya taimaka. Ku ba shi lokaci ko da awa biyu ne. In Baffa yana ciki, ba zai ga lamba a gabansa ya ƙyale ta ba, sai ya buɗe cikinta. In ya buɗe zai ga an cire wani.

113 na zaɓa domin ita ce ba ta da kofi, ba wanda zai ce ya gani a ɗaki ne ya kwafa. Ina zaton ta wani jariri ce da aka haifa bayanki bai zauna ba, irin abin da iyaye ba sa faɗa wa yara. In haka ne, ki yi haƙuri da abin da zai taso masa. Ban ga wata hanya ba.

Duk yadda ta kasance ki rubuto mini, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Dogo

1 ga Mayu

Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta maganar kofin baƙi da ta direba duk sun zo. Baba yana nan a ɗakinsa, a gadonsa. Na fara da wannan don kada ka tsallaka layi kana nema, na san halinka yanzu.

Likita sai ranar ashirin da takwas ya samu zuwa, ya ce minti talatin gare shi. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Na ajiye takardar. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya ɗaga fensir kamar zai rubuta tasa ta kullum. Sai ya tsaya. Ya ja layin rabawa a kan lambar, karkatacce, ya rubuta 101 a gefe.

Ban taɓa ganin aiki mai wuya irin wannan ba. Hannun hagu ne, kowane alƙalami sai ya yi kamar zai faɗi. Gumi har yana ɗiga a takardar. Ya samu 152563703, ba saura. Likita ya ciro na'urarsa ya danna, ya ce ba ta ɗaukar alƙaluma goma sha ɗaya, sai ya jawo kujera ya karɓi fensiri na biyu yana bin sa a baya. Baba ya raba da 103. Ya raba da 107. Wuri ɗaya likita ya ce, "Baba, nan kamar bakwai ne." Baba ya ɗago ya yi masa kallon nan. Likita ya sake dubawa ya ce, "Yi haƙuri, Malam, ni na yi kuskure." Minti talatin ɗinsa sun zama awa ɗaya da rabi, bai ko duba agogo ba.

Da ya raba da 109 sai 127 ta rage. Ya tsaya yana kallonta. Ya bi su da bakin fensir ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga biyar. Ya sake ƙirgawa. Sannan ya buga katakon da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya rubuta 113, ya bi ta ya sake bi har takardar ta huje, fensirin ya karye.

Likita ya ce kalmomi ne suka ɓace masa, hankalinsa garau yake, ya yage takardar da ya sa wa hannu. Yaya ya zame a jikin ƙofa ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska. Da ya samu kansa ya fita, na ji yana jan kujera a ɗakin Baba na karatu. Ya dawo da wani abu naɗe a tsohuwar jarida, daga saman kabad.

Ba jariri ba ne, Dogo. Yaya ya ce yana nan ranar da aka kawo ka. Da yamma Baba ya sayo kofi ya zana lambar, babanka ya gani. Ya ce masa, "Aro na kawo maka, ban ba ka ba. Kada ka sa wa ɗana alamar gidanka." Baba ya ba shi alkawari, ya naɗe kofin ya ɗora a sama. Da matar Yaya ta zo ya tsallake ya ba ta 127, Yaya ya tambaye shi, ya ce waccan tana da mai ita. Yaya ya san da kofin, lambar ce bai taɓa riƙewa ba, kuma takardar kwamfutar bai yarda ya kalla ba sai ranar. Babanka ya rasu shekara tara yanzu. Ina jin Baba jira yake ka zo ya ba ka da hannunsa, kai kuma kana can kana jira a kira ka. Baba dai bai yi ƙarya ba da ya ce duk masu taurin kai ne mu.

Ba zan ɓoye maka ba, likita ya saurari ƙirjinsa kafin ya tafi, ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta yi rauni sosai. Bai ba ni adadin kwanaki ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya daina rubuta doguwar lambar. Kofuna shida ya sa na jera masa a kan teburin gefen gado, har da na Mama. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa nasa. Naka ya hana a kife. Kullum da safe sai ya nuna shi da fensir in cika, ya yini yana kallon ƙofa, da yamma in zubar a gindin bishiya. Yau kwana uku ke nan.

Na wanke shi da kyau, tsatsa kaɗan ce a hannun. Ka ba wani takardun ɗalibanka ya duba, wannan karon na yarda. Dogo, ka zo ka sha ruwa.

'Yar'uwarka,
Aku